Bindigar Baba Tankari a Cikin Darduma

Da, sa'ad da muke yara a Damagaram, bindiga ba ta fi hauya ko gatari ban mamaki ba. Maharbi zai rataya tasa ya ratsa tsakiyar kasuwa, zabi na lilo a ƙugunsa, mutane su ce masa sannu da dawa, shi ke nan. Ba mai tambayarsa takarda, domin kowa ya san ubansa, kowa ya san ƙofar da za a buga in wani abu ya faru. Yau ko a can gida, ka fito da ita sai an tambaye ka wanda ya ba ka izini. A Faransa kuwa ba sai ka fito da ita ba. Kwananta a ɗakinka ba tare da sanin hukuma ba, shi kansa laifi ne.

Na yi yawo a duniya gwargwado. Na zauna Sabha, inda mai shayi ke ajiye tasa ƙarƙashin tebur kusa da sukari. Na zauna Jidda, inda ban taɓa ganin ta a hannun farar hula ba. Na sha iskar Injamena da Abijan da Kwatano, ina jin Barbarci da Larabci da Faransanci bayan Hausa. Na ɗauka ba abin da ya rage a koya mini kan bindiga da doka. Ashe darasin yana jira na sai na yi furfura.

Zangona na farko Porte de la Chapelle ne, a arewacin Paris. Na sauka a lokacin kaka, da bizar 'yan watanni, don sayen tsofaffin kayan manyan motoci, sana'ar da na daɗe ina yi. Wani dillali da muka jima muna magana ta waya ya ce in same shi can. Na tsaya ƙarƙashin gada, motoci na gudu bisa kaina, yayyafi na jiƙa mini hula, ina kira ana ce mini wayarsa a kashe take. Har yau ban ga fuskarsa ba, kuma abin da na tura masa na kafin alƙalami ya bi shi. Kewaye da ni samari ne masu tallar sigari a ɓoye da masu kwana a tanti, kowa idonsa na kan hanya ko 'yan sanda za su ɓullo. Wani mutumin Cadi mai sayar da cajar waya ya ji ina salati da Hausa, ya matso.

"Baba, an yi maka ta Paris ke nan?"

Na ce da alama.

"Ba kai ne farko ba. Taho in kai ka wajen tsohonku."

Tsohon namu shi ne Baba Tankari, mutumin Adar, dogo, ƙashi da fata. Ya zo ƙasar tun yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar motoci, ya ajiye aiki, amma bai bar ɗan ɗakinsa na fuwaye ba, wato gidan da ake zaunar da ma'aikata baƙi. Ɗakin bai fi rumbu ba. Bai tambaye ni kome ba sai sunan garinmu da na mahaifina. Ya nuna mini gadonsa ya ce nan zan kwana, shi dama ciwon ƙirji ya hana shi kwanciya, a kujera yake barci. Na yi ta ƙi, ya ce, "Alhaji Kyari, in kana son gardama ka jira ka ƙoshi."

Na yi makonni a wajensa. Da safe in fita neman masu kaya, da yamma in tarar ya tuƙa tuwon simul, tsakin alkama irin nasu, da miyar kuka. In tattabara ta sauka a taga sai ya kanne ido ɗaya ya ce mata, "Ke dai kin yi sa'ar gari." Ubansa Sarkin Baka ne a ƙauyensu, wato shugaban maharba, kakansa ma haka. In kewar gida ta taso masa, yakan yi kirarin maharba a hankali, har tari ya katse shi.

Wata rana bayan la'asar ya ce in kulle ƙofa, in hau kujera in sauko da abin da ke bisa kabad. Wani dogon abu ne a naɗe cikin tsohon zane. Ina ɗagawa na san nauyin. Bindiga ce mai baki biyu, gindinta ɗaure da layu uku da suka yi baƙi saboda daɗewa.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

"Uwargidata ce. Gaishe ta."

Ya ce da albashinsa na fari ya saye ta. A zamanin, in ji shi, sai ka shiga kanti ka nuna wadda kake so kamar mai sayen rediyo. Ubansa da ya ji labari sai ya kwance layun tasa bindigar ya aiko masa. Ya yi shekaru yana bin abokan aikinsa Turawa farautar zomo da makwarwa ranar Lahadi. Daga baya doka ta yi ta tsanani: sai an rubuta ta, sai da lasisi, sai da takardar likita, sai a kulle. Shi kuwa ya naɗe abarsa ya ɗora bisa kabad.

"Me ya hana ka kai a rubuta ta?"

"In kai ta? Yaron da bai kai ɗiyana ba shi zamna bayan tebur shina tambaya ta ko ina da hankali? Da zufata na saye ta, ban sata ba. Ban taɓa nuna bakinta ga ɗan Adam ba. Su suka sake doka, ni ban sake hali ba. 'Yan iska ke harbe-harbe a titi, sai a zo a ɗaure hannun mai gaskiya."

Na ce masa na zauna garin da kowa ke faɗin haka, kowa mai gaskiya ne a bakinsa, kuma na ga yadda rigimar akuya ke ƙarewa a maƙabarta. Na ce hukuma ba ta ganin zuciyar mutum, ƙarfen kawai take gani.

"To makauniya ce ke nan. Kai ka taɓa ba makaho alƙalanci?"

Muka yi dariya, tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya lafa sai fuskarsa ta canza. Ya ce ba don gardama ya sa na sauko da ita ba. Yana da ɗa guda a ƙasar, Isuhu, wanda ya tashi a Adar wajen uwarsa, ya zo karatu Lyon, ya zauna can da iyalinsa. Isuhu na zaton an daɗe da sayar da bindigar.

"Ka ji al'adarmu," ya ce. "Bindigar maharbi ba a aika ta. Ba a zancenta a waya. Ba a aje ta ƙasa a ce magaji shi ɗauka. Wanda ya ga ƙarshen mai ita shi ka ɗaukar ta, bayan an rufe shi, shi sa ta hannun magaji, hannu da hannu. Sannan a kai ta dawa a tashe ta, a harba sau guda, ta yi kukan maigidanta. In ba a yi ba, maharbi bai kwanta ba. Kai Allah ya kawo mini. Ka ɗauka?"

Na ci tuwonsa, na kwana a gadonsa. Na dubi layun nan, na dubi idonsa. Na ce na ɗauka.

Bai daɗe ba bayan wannan. A asibiti ya cika, ina riƙe da hannunsa. Isuhu ya zo, mutum mai natsuwa da ƙaramar murya, ya yi ta zirga-zirgar takardu, ya raka gawar gida. Ban ce masa kome ba, tunda ba a rufe tsohon ba tukuna. Kafin ya dawo, masu fuwaye suka ce a kwashe kayan ɗaki, akwai mai jiran gadon. Tufafin muka raba wa mabukata. Ni aka bari da amanar da ba ta da wurin kwana.

Na san irinta ana ɓalle ta gida biyu a sa a jaka, amma tsatsa ta kama makullin, na yi na yi ta ƙi. Sai na shimfiɗa babbar dardumar sallar Tankari, na naɗe ta ciki, na ɗaure da igiya. Harsashi biyu da na samu cikin wata safa na cusa su da safar a aljihun kwat. Da na ji Isuhu ya dawo, na kira shi na ce zan zo ta'aziyya. Ya ce, "Sai ka zo, Tonton," wato kawu da Faransanci.

Na nufi tashar jirgin ƙasa da darduma a kafaɗa. Ina shiga babban zauren na hango sojoji suna tafe a jere, a hankali, yatsa kusa da kunama, idanu na bin kayan kowa. Ɗayansu ya dubi dardumar, ya dubi hulata da gemuna, ya sake duban dardumar. Na taɓa wuce shingen 'yan tawaye a hamada, gabana bai faɗi kamar na ranar ba. Can in an kama ka akwai ciniki. Nan na san abin da za a kira tsoho Musulmi da aka samu da bindiga a tashar jirgi, kuma ba wanda zai tsaya jin zancen Sarkin Baka. Na juya kamar wanda ya yi mantuwa, na fita, ban waiwaya ba.

Mutumin Cadin nan ne ya sake fisshe ni. Ya haɗa ni da wani direba, Buba, Bafulatanin Garwa, mai kai busasshen kifi da garin rogo da manja shagunan Afirka na Lyon. Yana jin sunana ya tafa hannu.

"Kyari? Babarbare! Yau Allah ya ba ni bawa kyauta. Shiga, amma kada ka taɓa mini rediyo."

Na ce, "Bafulatanin da ya rasa shanu ya koma kiwon kifi, shi ne zai yi mini baki?"

Haka muka kama hanya da safe, muna wasan da kakanninmu suka bar mana. Dardumar na cusa ta bayan kujera. Ban gaya masa ba. A tarbiyyar da na tashi ciki, amana ba a tallarta, kuma na gaya wa kaina rashin sani kariya ce gare shi. Ƙasar ta buɗe, gonaki kore shar, shanu farare masu ƙiba. Buba na ganinsu sai ya yi ajiyar zuciya ya ce ba su da ƙaho, ba su da mutunci.

Da azahar ya ratse wani wurin hutawa a bakin babbar hanya. Na shiga yin alwala. Ina fitowa na hango abu biyu a tare. Motar jandarma tana tsaye kusa da masu shan kofi. Buba kuma yana kan ciyawa bayan motarsa, ya jawo dardumar, ya kwance igiyar, yana shirin warware ta ya yi salla.

Ban iya ihu ba, ban iya gudu ba, don duk wanda ya yi gudu a wurin ido zai koma kansa. Na tafi da sauri irin na tsofaffi ina cewa, "Buba, bari, bari." Ya ɗauka wasa ne.

"Rowar darduma kuma? Barebari dai!"

Ya girgiza ta. Gindin bindigar ya leƙo, layu na reto.

Nan take wasan ya bar bakin Buba. Ya saki gefen dardumar ya rufe, ya zauna a kai daɓas, ya miƙe ƙafa kamar mai hutawa. Jandarma biyu suka taho suna zagayen motoci, kofi a hannu. Ɗayan ya tsaya ya karanta lambar motar, ya leƙa ta gilashi, ya dube mu. Buba ya ce masa barka da rana da Faransanci, murya lafiya lau. Mutumin ya tambayi abin da muka ɗauko. Buba ya ce kifi ne, in yana so ya buɗe, sai dai warin zai bi shi har gida. Jandarman ya yi murmushi ya wuce.

Sai da suka yi nisa Buba ya yi magana, bai dube ni ba.

"Alhaji, 'ya'yana huɗu."

Na fara ba shi labarin Tankari da al'adar maharba. Ya katse ni.

"Kowa tasa ta farauta ce! Yayana a hanyar kasuwa aka tare shi, a can gida. Ka san abin da ke hannun waɗanda suka tare shi? Irin wannan. Ta uban wani ce, ta kakan wani ce, wataƙila har da layunta. Ni abin da ya zaunar da ni ƙasar nan ke nan: in kwanta ban ji ƙara ba. Su ƙara tsananta dokar ma, su bi gida gida!"

"Tsohon bai cuci kowa ba, Buba."

"Shi ya mutu. Ita ta mutu?"

Ya tashi ya shiga mota ya tayar, ya bar ni tsugune ina ɗaure igiya, jandarma na nan ba su tafi ba. Na ga motar ta nufi mafita. Na tsaya da kayana a rungume, ban san sunan wurin da nake ba. Can daf da hawa babbar hanya sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta fara dawowa da baya.

"Shigo, bawan banza. In na yar da kai nan, wa zai sauke mini buhuna a Lyon?"

Ya kafa sharaɗi: in an tare mu, in ce tawa ce, shi bai san kome ba. Na ce ko bai faɗa ba. Sallar azahar sai haɗa ta muka yi da la'asar a wani wurin, a kan kwali. Sauran tafiyar ba wasa, ba rediyo. Duk shingen biyan kuɗin hanya da muka tunkara, sai in ji harsasan nan biyu sun yi mini nauyi a ƙirji kamar duwatsun murhu.

A La Guillotière ta birnin Lyon na taya shi sauke kaya, cikin warin kifi da hayaniyar Larabci da Faransanci da harsunan da ban sani ba. Ya nuna mini bakin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ce, "Daga nan kai da Ubangijinka." Ya ƙi karɓar kome. Ya riƙe hannuna ya ce in Allah ya fisshe ni in kira shi ya zage ni da kyau.

A cikin metro wani dattijo Balarabe ya gan ni da darduma ya tashi ya ba ni wurinsa, yana ce mini Hajji. Muka gaisa da Larabci, ya ji daɗi, har ya miƙo hannu zai riƙe mini kayan in huta. Na ce na gode, ta marigayi ce, ba na son ta bar jikina. Ya yi wa marigayin addu'a. Daga ƙarshen layi na hau taram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Minguettes a Vénissieux, unguwar dogayen benaye masu kama da juna.

Isuhu na hawa na sama. Matarsa Hadiza ta kawo ruwa, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya hanya, ya haƙuri, ya aka baro mutanen Adar. Ɗiyarsu Nana, mai rarrafe, ta nufo dardumar tana jan igiyar. Na ɗauke. Na ce ina da saƙon mahaifinsa, na durƙusa na warware.

Isuhu ya miƙe tsaye ya ja da baya har ya bugi bango.

"C'est pas vrai, ba zai yiwu ba. Tonton, daga Paris ka taho da wannan? A hannu?"

Na ɗauke ta da hannu biyu na miƙa masa, na faɗi abin da tsohon ya ce, kalma da kalma. Ya sa hannayensa a baya.

"Ka san aikina? Gadi nake yi a ma'ajiyar kaya. Aikin nan da kati ake yin shi, kuma in sunana ya shiga wajen 'yan sanda sau guda kan makami, an karɓe katin. Takarduna na neman zama ɗan ƙasa suna hannunsu yanzu haka. Kuma ka san unguwar da ka kawo ta? In yaran ƙasan benen nan suka ji akwai bindiga a gidana, ƙofar nan ba za ta kwana ba."

"Haƙƙinka ce, Isuhu. Gadon ubanka da kakanka."

"Haƙƙina in ga Nana ta girma. Baba ya yi fushi da doka shekara da shekaru, yanzu ni zan biya?"

Na ce mu kai ta dawa da sassafe, mu tashe ta sau guda, daga nan ya yi yadda ya so.

"Wane dawa, Tonton? Nan kowane daji da mai shi. Kafin hayaƙin ya baje an kira jandarma."

Ina nan durƙushe, hannuwana a miƙe, nauyin ƙarfen ya fara rinjayata. Hadiza ce ta yi magana daga bakin ƙofar kicin, Nana a kafaɗarta.

"Baban Nana, tsoho ne ke miƙo maka, hannunsa ya gaji. Karɓi. In ka karɓa, sai ka yi abin da za ka yi."

Ya matso a hankali ya karɓa, hannu da hannu. Ya shafa layun da babban yatsa, ya kai su hancinsa. Ya ce warin ɗakin kakansa ne. Ya juya mana baya na ɗan lokaci, kafaɗunsa na motsi. Sannan ya kwantar da ita kan dardumar, ya ɗauki waya ya kira komisariya, ofishin 'yan sanda, ya ce ya gāji bindiga daga mahaifinsa, yana son a zo a gani. Aka ce kada ya taɓa ta, kada ya fito da ita.

'Yan sanda biyu suka zo, mace ce babba, da wani saurayi. Hadiza ta shige ɗaki da yarinyar. Isuhu ya bar ƙofa a buɗe, ya ce in zauna in ɗora hannuwana bisa gwiwa. 'Yar sandar ta duba bindigar, ta tabbatar ba kome a cikinta, ta fara tambaya tana rubutu. Sunan marigayi. Ranar rasuwa. Inda yake zaune.

Isuhu ya ce, "Paris."

Alƙalamin ya tsaya. "To yaya aka yi ta zo nan?"

Na ga Isuhu ya buɗe baki, na kuma san abin da zai yi: zai ɗora wa kansa don ya kāre baƙon ubansa, katin da yake tsoro ya tafi a banza. Na riga shi. Na ce da Faransanci ni na kawo ta, shi bai san da ita ba sai yau, mai motar da ya ɗauko ni ma ya zaci darduma ce kawai. Na ce akwai kuma harsashi biyu, na kai hannu aljihun kwat.

"Doucement!" Saurayin ya daka tsawa in bi a hankali, hannunsa ya riga ya kai ƙugu.

"Tonton, kada ka motsa! Don Allah kada ka motsa!" Isuhu ya faɗa da Hausa.

Na sandare, yatsuna biyu a bakin aljihu. Ina jin kukan Nana ta bayan ƙofa. Matar ta ɗaga wa abokin aikinta hannu, ta zo da kanta ta ciro safar, ta zazzage a tafinta.

Ta ce in ba ta labari tun daga farko. Na ba ta, har da Sarkin Baka da kukan maigida, ina neman kalmomin da Faransanci ba shi da su. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce kakanta ma maharbi ne, tasa bindigar na gidan ƙaninta, da takarda. Sannan ta faɗi maganar da har yau take yi mini amo.

"Malam, da kun bar ta inda take kun sanar tun a Paris, magaji na da hanyar da zai bi ya riƙe ta bisa doka. Ana yi kullum. Amma kun ɗauko ta kun ratsa ƙasa da ita ba izini, da harsashi a aljihu. Yanzu ba gado ba ce a wurinmu. Dole in tafi da ita, kuma ba na jin za ta dawo."

Isuhu ya dube ni, na dubi darduma. Hannu da hannun da tsohon ya dage a kai, shi ne ya raba ɗansa da ita.

Da za su naɗe ta, Isuhu ya tambaya ko zai iya cire layun. Saurayin ya ce ba a taɓa abin da aka kama. Matar ta ce ita fata da zare take gani, ba makami ba. Hadiza ta fito ta miƙo wuƙar kicin, Isuhu ya yanke su ɗaya bayan ɗaya.

Aka tafi da ni komisariya, aka yi mini tambayoyi, aka ɗauki hoton yatsuna, aka rubuta ni, aka sake ni. Isuhu na zaune a waje yana jira. Sunansa ya shiga a matsayin wanda ya kira, ba wanda aka kama ba. Da na kira Buba ya cika alkawari, ya zage ni tas, sannan ya ce in zo in ci abinci.

Na sha juya gardamar nan a raina tun daga lokacin. Ban janye abin da na gaya wa Tankari ba, don na ga garuruwan da kowa ke da haƙƙin riƙe bindiga, na kuma ga kaburburansu. Amma ba zan ce ba a tauye shi ba. Mutum ya sayi abu da halalinsa, bai cuci kowa ba, a wayi gari a ce sai ya je ya tabbatar shi ba mahaukaci ba ne. Wannan ciwo ne, kuma ya mutu da shi. Abin da ni da shi ba mu sani ba, dokar da yake fushi da ita ta bar wa ɗansa ƙofa, mu kuma muka zo ta katanga.

Isuhu yana nan kan aikinsa, ya samu takardunsa, layun na rataye a bangon falonsa. Daga baya aka sanar da shi an lalata bindigar. Ba ta yi kukan maigidanta ba. Ni kuwa duk sa'ad da na nemi bizar Faransa tun daga ranar, sai a dawo mini da fasfona ba kome a ciki, har na daina nema. Gidan su Tankari maharba ne tun kaka da kakanni, kuma daga kansa aka daina.